Jakar goyo, Gana-mas-go ko bokitin fenti: a me marar ɗaki zai zuba kayansa?

Daren 9 wayewar garin 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri irin shigar da rabonsa da ita tun 1994. Mutanen Gwange da Fori da sauran unguwannin bakin kogin Ngadda suka fito da abin da hannu ya kai gare shi. Duk wanda ya ga hotunan ranar ya ga katifa a ka, ya ga ƙullin zane, ya ga bokiti, ya ga jakar Gana-mas-go tana ɗigar ruwa. Wasu sun nufi sansanin Bakassi da aka rufe tun 2021 aka sake buɗewa dominsu, wasu suka yi makonni a makarantu da barandar shaguna. Ni abin da idona ya riƙa bi a hotunan shi ne mazubin kayan, domin ina saurayi na yi wata biyar ina kwana a wata tasha a Legas lokacin da na je ci-rani, na kuma san cewa wanda ba shi da ƙofar da zai kulle, rabin tunaninsa na yini yana kan inda zai sa kayansa ne.

Wannan rubutu na mutum biyu ne: wanda halin rayuwa ya fitar da shi waje, ko ambaliya ce, ko rikici, ko rusau, ko kuɗin haya, da kuma wanda yake da ɗan abin hannu yana so ya saya wa wani abin da zai amfane shi da gaske.

Kafin a je kasuwa, akwai tambaya guda da ta fi kowace: kana da wurin ajiya ko ba ka da shi? Wato akwai wani mai shayi, ko mai gadi, ko ladanin masallaci, ko mai shago da zai yarda ka bar kaya a wajensa daga safe zuwa dare? In akwai, zaɓinka daban. In babu, to duk abin da ka mallaka zai bi ka bayan gida, ya bi ka wurin aiki, ya bi ka layin karɓar abinci, kuma nauyin da kake ganin ba komai ba ne da hantsi, da la'asar kafaɗarka za ta gaya maka gaskiya.

Mu fara da wadda kowa ya sani. Jakar Gana-mas-go ta samo sunanta ne daga farkon 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka kama hanyar gida da kayansu a cikinta. Sunanta ma ke nan daga gudun hijira ya samo asali, kuma a wannan aikin babu kamarta. Tana da araha, tana da ciki, babu nauyi a jikinta, in ba komai a ciki ka ninke ta ka sa a hammata. Bargo, tabarmar roba, tukunya, kayan yara uku, duk za ta haɗiye. Kwandasta ya san ta, zai jefa ta bayan mota ko saman kaya ba gardama.

Amma an yi ta ne don a tashi daga wani wuri a sauka a wani. Yawon kullum ba nata ba ne. Hannuwanta siraran ne, suna yanka tafin hannu, kuma nauyin yana rinjayar mutum gefe guda, sai ka ga yana tafiya a karkace yana sauya hannu duk taku ashirin. Zif ɗinta shi ne farkon abin da ke mutuwa, sai ɗinkin gindin hannun ya bi baya. Saƙar roba ce, rana tana cinye ta: a bar ta a fili wata biyu uku a zafin bazara, za ka ga ta fara gari, ka taɓa ta yage. Yayyafi tana iya tare shi, amma ruwan Agusta yana shiga ta zif da ramukan ɗinki, in kuma ta zauna a ƙasa mai laima, na ƙasan kayan zai yi fumfuna ba ka sani ba. Sannan reza ɗaya ta ishi ɓarawo. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: wanda aka gani da ita a unguwa da sassafe kwana uku a jere, kowa ya gane ba shi da wurin kwana. Don haka ni a wurina, Gana-mas-go rumbu ce. In kana da wurin ajiya, ka saye ta, matsakaiciya ba babbar ba, ka sa babbar leda a ciki kafin ka zuba kaya, ka ɗora ta a kan bulo ko katako. In ba ka da wurin ajiya, ka bar ta sai ranar tashi.

Buhu ɗan'uwanta ne, sai dai ya fi ta ƙarko, kuma sau da yawa kyauta ake samunsa. Buhun shinkafa mai cin kilo 50 ko 25, ko buhun sukari mai leda a ciki, wanda ya fi tare ruwa. Ba shi da zif ɗin da zai lalace, igiya ce kawai a baki. A kai shi wajen shumeka ya ɗinka masa maɗauki biyu da tsohon bel, ya zama abin ratayawa. Da dare a juye kayan a shimfiɗa shi, ko a cusa tsumma ya zama matashi. A guji buhun taki da duk wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, musamman in abinci ko kayan jariri za a sa. Babbar illarsa ba a jikinsa take ba, a idon mutane take. A Abuja, tun da aka haramta sana'ar baban bola a farkon 2025, saurayi mai buhu a kafaɗa abin tsayarwa ne da tambaya, ko da tufafinsa ne kawai a ciki. A unguwannin da aka sha satar ƙarfe da wayar wuta ma haka ne, kuma tambayar 'yan unguwa ta fi ta jami'i haɗari. Wanda yake babban birni ya auna wannan sosai kafin ya ce buhu ya wadatar.

Akwati mai taya kuwa, shi masu taimako suka fi son saya, domin yana da kyan gani kuma ana ganin an yi bajinta. Ban ba da shawararsa ba. Tayoyinsa na daɓen filin jirgi ne. A ƙasashen da marasa gida ke tura kaya a kan taya, gefen titinsu shimfiɗaɗɗe ne; namu yashi ne da kwata da taɓo da tsakuwa. Taya ɗaya ta karye, ka koma ɗaukar akwati mai nauyin kansa a ka. Yana ƙara in ana jan sa, ba ya shiga ƙarƙashin benci, kuma yana sa a zaci akwai abin kirki a ciki. Adaka ta ƙarfe irin ta 'yan makarantar kwana ta fi shi amfani nesa ba kusa ba, ga wanda ya sami tanti a sansani ko lungun da zai daɗe: tana ɗaukar kwaɗo, ɓera ba ya huda ta, gara ba ta cin ta. Sai dai ba a gudu da ita, kuma a rana tana zama tanda.

Yanzu ga wadda na fi tsayawa a kanta, jakar goyo. In aka ce mini in zaɓi abu ɗaya tak ga namiji ko macen da ba ta da goyo, kuma babu wurin ajiya, ita zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Dalili na farko hannu biyu ne. Mai neman aikin dako, ko lebura a wurin gini, ko mai wankin mota, yana buƙatar hannuwansa a sake. Na biyu, nauyin yana rabuwa a kafaɗa biyu. Na uku, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba ta tona asiri. Ɗalibi yana goya ta, ma'aikaci yana goya ta, mai gyaran waya yana goya ta. Da ita za ka shiga masallaci, ka shiga asibiti, ka tsaya gaban mai ɗaukar aiki, babu wanda zai fara yi maka kallon tuhuma kafin ka buɗe baki.

Sai dai jakar goyo suna ta tara. Sababbin masu sheƙi da ake ratayewa a bakin titi lokacin komawa makaranta, yawancinsu ba sa kai wata biyu a hannun mai yawo da su kullum; araha ba ta ado. Gara ta gwanjo mai kauri, irin wadda ake samu a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari a Kano da kowace babbar kasuwa. In ka ɗauka, kada launi ya ɗauke maka hankali. Juya ta ka duba inda maɗaukin ya haɗu da jikin jakar daga sama, ka ja da ƙarfi, domin nan take fara rabuwa. Ka ja zif ɗin sau biyar ka gani ko yana tsallake haƙori. Mai manyan haƙora ya fi, kuma mai kai biyu ya fi, don ana iya haɗa su da ƙaramin kwaɗo. Ka sa hannu ciki ka shafa: in rufin cikin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa yana manne wa yatsa, ta tsufa, ruwa zai wuce. Ka ɗaga gindinta ka kalli rana ta ciki, ƙananan huda za su nuna kansu. In ka sami mai bel ɗin ƙugu, ka ƙara kuɗi ka ɗauka, domin shi ke sauke nauyi daga kafaɗa ya mai da shi kwankwaso. Ka guji mai zanen kakin soja, ko kyauta aka ba ka. A shingen bincike za ta jawo maka tambayar da ba ka da buƙata. Baƙa, ko ruwan toka, ko shuɗiya mai duhu ta wadatar.

Kuma kafin ka zuba komai, ka kai ta wajen shumeka tun tana lafiya. Ya bi gindin maɗaukan biyu da zarensa mai kauri, ya ƙara ɗinki a kusurwoyin ƙasa. Kuɗin bai kai na kwanon abinci biyu ba, amma zai ƙara mata watanni. Zif in ya fara tauri saboda ƙurar hunturu, a goge shi da tsohon buroshi a shafa masa kyandir.

Girma fa? Matsakaiciya. Babbar jaka tana kiran kaya, kaya kuma suna kiran ciwon baya. Masu tafiyar ƙafa mai nisa sukan ce kada kayan baya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka, wato mai kilo 60 kada ya haura 12. Ga wanda ba kullum yake ƙoshi ba, ni sai in ce ya tsaya ƙasa da haka. A tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Tufafi kala biyu bayan na jiki, zane ko mayafi mai kauri da zai zama bargo ya zama shimfiɗa, gidan sauro, sabulu da soso a gwangwani mai murfi, ƙaramar tocila, cokali da kofi, silifa. Tabarma ko darduma a naɗe a ɗaure daga waje. Mai nauyi ya jingina da baya, abin da ake yawan cirowa ya zauna sama. Babu jakar goyon da ba ta shan ruwa in aka daɗe a cikinsa, saboda haka babbar leda mai kauri ta fara shiga, kaya su shiga cikinta, a murɗe bakin a lanƙwasa.

Raunin jakar goyo shi ne tana bayanka, idonka yana gaba. A cunkoson tasha ko kasuwa, a juyo da ita ƙirji. Da dare kuma akwai dabara, ni ma koya mini aka yi. A makona na biyu a tashar nan na farka na tarar an zare jakata daga ƙarƙashin kaina, ban ji komai ba, saboda gajiyar dako. Rigunana biyu da kuɗin kwana shida suka tafi. Wani dattijo Bagobiri mai sayar da goro, wanda ya shekara da shekaru yana kwana a wurin, ya same ni zaune na rasa abin yi. Ya ce, "Yaro, matashi ka yi da ita?" Na ce, "E, Baba." Ya ce, "Kai mai barci ba ya riƙe kaya. Ƙafa ke riƙewa." Ya ɗauko tasa ya nuna mini: ya zura ƙafa ɗaya cikin maɗaukin har cinya, ya juya ɓangaren zif ɗin ya kalli ƙasa, ya kwanta a gefe ya rungume ta da gwiwa, ya ja mayafi ya rufe duka. Sannan ya ɗaga rigarsa ya nuna mini wata tsohuwar lalita ta fata da ta yi baƙi don gumi, ɗaure a ƙugunsa. Ya ce, "Wancan kaya ne. Wannan kuwa ni ne."

Lalitar nan ita ce abin da nake so kowa ya ɗauka daga wannan rubutu, ko da ya watsar da sauran. Duk mazubin da muka lissafa ana iya sace shi, ruwa na iya tafiya da shi, jami'an kwashe mutane daga titi na iya jefa shi mota ba a sake ganinsa ba. Abin da ba ya mayuwa cikin sauƙi bai kamata ya kwana a cikinsu ba. Takardar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), katin zaɓe, katin banki, katin asibiti, takardar haihuwar yara, takardar gona ko fili in an tsira da ita, da maganin da ake sha kullum, na hawan jini ne, ko na tarin fuka, ko na farfaɗiya, ko na ƙanjamau, waɗanda yankewarsu ke da haɗari. Waɗannan a naɗe su a leda biyu, su zauna a jiki, ƙarƙashin tufa. In ba a sami lalita ba, tela zai ɗinka ƙaramar jaka mai igiya da ragowar yadi cikin minti goma, ko ya yi aljihu a cikin wando. Mata da yawa sun riga kowa sanin wannan, suna rataya 'yar jaka a wuya ƙarƙashin hijabi. Jakar ƙugu ta zamani mai zif ita ma ta yi, muddin a ƙarƙashin riga take, ba a sama ba.

A yau layin waya ma ya shiga wannan sahu. Tun da aka ɗaure layi da NIN, kuma kuɗin mutane da yawa suka koma asusun waya irin su OPay da Moniepoint, wanda ya rasa layinsa ya rasa hanyar da 'yan'uwa za su turo masa taimako. Daga layin da aka yi rajista da shi ana iya danna *346# a ga lambar NIN, a danna *565*0# a ga BVN, wato lambar tantancewa ta banki, ana cire ɗan kuɗi kaɗan. Amma in layin ne ya tafi fa? Shi ya sa nake cewa a rubuta lambobin biyu a takarda, tare da lambar wayar mutum uku na jini, a sa a lalita. Lambar sirri ta cire kuɗi kuwa kada a rubuta ta ko'ina. Ƙaramar waya mai maɓalli ta fi babbar amfani a wannan hali: cajinta yana kwanaki, ba ta jan ido, kuma ba sai ka bar ta wajen mai caji kullum ba.

Saura mace mai goyo, wadda duk bayanin jakar goyo bai shafe ta ba, domin bayanta yana da mai shi. Ita a ka take ɗaukar kaya, kuma a nan bokitin fenti mai murfi, babban nan mai cin lita 20, ya fi duk abin da aka ambata. Almajirai sun daɗe da gane haka. Murfinsa in ya kama, ruwan sama ba ya shiga, ɓera da kyankyaso ba sa shiga, kunama ba ta samun wurin fakewa. In ruwa ya taso yana iya yin iyo da abin da ke ciki maimakon ya jiƙe. Kujera ne in an gaji a layi. A juye kayan a kan zane, ya zama abin wanki da wankan yaro. Da gammo yana zama daram a ka, hannu ɗaya ya tallafe, ɗayan ya riƙe yaron da ke tafiya. Ana iya huda murfin da bakin bokitin a sa ƙaramin kwaɗo, ko da yake hakan yana hana ɗan hannu ne kawai, ba ya hana a ɗauke shi ɗungurungum.

Sharaɗinsa a wanke shi sosai, kuma wanda fenti ya zauna a ciki kada a zuba masa ruwan sha ko gari kai tsaye, sai a cikin leda ko wani mazubin. In za a samu bokitin bota daga masu gidan burodi, ya fi, tunda abinci ya ɗauka tun farko. Kada a rufe jiƙaƙƙen kaya a ciki, kwana ɗaya ya isa ya yi wari. Kada a bar shi a rana da magani a ciki. Kuma in an tara ruwa a cikinsa, a rufe, domin yaro mai rarrafe yana iya faɗawa da ka ya kasa fitowa. Cikinsa bai kai na Gana-mas-go ba, don haka bargo da tufafi sai su koma ƙullin zane a ɗora a kan murfin. Ƙullin zanen nan kada a raina shi: ba a saye, ba ya da abin lalacewa, a kwance shi ya zama shimfiɗa ko labule ko majanyi.

Baro da kura ba zan daɗe a kansu ba. Ga mai dako a kasuwa, baro jari ne kuma gado ne, da yawa a cikinsa suke kwana. Amma ba ya shiga mota, yana buƙatar wurin kwana nasa, kuma shi ake fara kamawa ranar da aka fito share hanya. Legas ta daɗe da haramta masu tura kurar shara. In ba sana'arka ba ce, kada ka saye shi don kaya.

To, a haɗa su. Namiji shi kaɗai a birni, babu wurin ajiya: lalita da matsakaiciyar jakar goyo ta gwanjo, da leda a ciki, shi ke nan. In ya sami mai riƙe masa amana, ya ƙara Gana-mas-go ko buhu don bargon hunturu da kayan da ba na kullum ba, ya riƙa leƙawa yana gaisuwa, kuma kada ya bar kuɗi ko takarda a ciki, don kada zargi ya ɓata tsakaninsa da wanda ya taimake shi. Mace mai yara: 'yar jaka a wuya, bokiti mai murfi, ƙullin zane, yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas a ba shi ƙaramar jakar makaranta da kayansa, a sa takarda mai sunansa da lambar wayar wani babba a ciki, saboda rabuwa a cunkoso. Iyalin da suka sami tanti za su zauna watanni: adaka da kwaɗo, a ɗora a kan bulo. Tsoho ko marar lafiya: jakar rataye marar nauyi da lalita, sauran a raba wa masu ƙarfi.

Mai niyyar taimako kuma, kafin ka saya, ka je ka tambayi mutumin inda yake kwana da abin da yake yi da rana. Wata za ta ce maka bokiti take so, wani zai ce a gyara masa zif ɗin tsohuwar jakarsa kawai domin ya saba da ita. In jaka ce, ka bi da ita ta wajen shumeka kafin ka miƙa, ka sa manyan ledoji uku da ƙaramin kwaɗo a ciki. Kada ka buga mata sunan ƙungiya ko hoton wani a baya, domin wanda zai goya ta yana so ne ya wuce cikin mutane ba tare da an san halin da yake ciki ba.